Gwiwarka da gwiwar 'yan Tour de France: ina bambancin yake?

Ɗan'uwa, sannu da jiki. Ka ce Asabar da Lahadi kake hawa keke, yanzu gaban gwiwarka yana ciwo, musamman in ka zo hawan tudu. Ka kuma tambaya yadda 'yan Tour de France, gasar tseren keke ta Faransa, ke yin mako uku a kan sirdi gwiwa ba ta gaza musu ba.

Tasu ma takan yi ciwo. Amma abin da ke kwantar da su daban, abin da ke damunka daban.

Gasar da aka fara a 1903 zango 21 ce, kusan kilomita 3,500, hutun kwana biyu kacal. Mai shigarta yakan tuƙa kilomita 25,000 zuwa 30,000 a shekara, kuma tun yana yaro yake ginin jikin. Kai kuwa kwana biyar kana zaune a ofis ko shago, ranar Asabar ka ɗora wa gwiwa aikin mako guda. Numfashi da tsoka suna saurin sabawa, jijiyar gwiwa ba ta da wannan saurin.

Sai giyar keke. In ka kalli Tadej Pogačar, ɗaya daga cikin zakarun gasar, a kan dutse, ƙafarsa juyawa take da sauri, wajen sau 90 a minti. Mu yawancinmu giya mai nauyi muke so, muna danna feda da ƙarfin tsiya wajen sau 60, wai shi ne jarumta. Duk nauyin nan a ƙoƙon gwiwa yake sauka.

Amma ni sirdinka na fi zargi. Ƙwararre ana auna masa tsayin sirdi har milimita, a daidaita yadda takalminsa ke kama feda. Mu kuwa yadda aka sayo keken haka ake hawansa, ko a sauke sirdi don ƙafa ta taɓa ƙasa. Sirdi ya yi ƙasa, gaban gwiwa ne ke ciwo. Ya yi sama da yawa, bayanta. Gwada wannan: zauna, ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ka karkata ƙugu ba. In da sauran lanƙwasa, ɗaga sirdin, kaɗan-kaɗan.

Su 'yan Tour abin da ya fi nakasa su faɗuwa ce. Chris Froome, wanda ya ci Tour sau huɗu, ya karya ƙashin cinya a 2019, bai sake komawa yadda yake ba. Egan Bernal ya afka wa motar bas a Kolombiya a Janairun 2022 yana atisaye, ya karya cinya da ƙoƙon gwiwa, da ƙyar ya sha. Ina son kallonsu, ranar da Biniam Girmay na Eritiriya ya ɗauki koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki a gasar, a 2024 murna ta kashe ni, amma jure ciwon da suke yi ba abin koyi ba ne. Biyansu ake, kuma da likita da mai tausa a bayansu kullum.

Rage nisa na mako biyu, bar tudu, sa giya mara nauyi, gyara sirdi. In gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko tana sulluɓe maka in ka taka, ajiye keken ka je wajen likitan ƙashi.