An sa RAM 8, kwamfuta na cin 3: me ya kamata ka saya?

Wannan kuka ya yi yawa a shagunan gyara na Garwa da Marwa: an ƙara RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), allo ya nuna "8,00 Go", a gefe kuma "3,25 Go utilisable", wato iya abin da kwamfutar ke iya amfani da shi ke nan (Go shi ne GB da Faransanci). Kowane mai shago da maganin da zai tallata maka.

Ni dai kafin ka fitar da ko sefa ɗaya, duba wane Windows ke kai. In 32-bit ne, ko ka cika ramukan RAM duka ba zai wuce 4 Go ba, a cikin huɗun ma katin hoto da sauran kayan ciki sai sun yanki rabonsu. Maganinsa filas ɗaya ne mai Windows 64-bit. Kwashe fayilolinka tukuna, don sai an yi fomatin an zuba sabo. Kula da nau'in kuma: Windows 7 Starter a 2 Go yake tsayawa, Home Basic a 8, Home Premium a 16. In dama 64-bit ne, buɗe msconfig (wurin saitin tashin Windows) ka cire alamar da ke kan "Mémoire maximale", sannan ka leƙa BIOS (saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ya tashi) ko an kashe memory remap, saitin da ke ba Windows damar cin RAM ɗin duka. Ƙurar hunturu ma kan hana RAM zama daram. Cire shi, hure ramin, mayar har ka ji ƙas.

Manhajojin fasa iyakar 32-bit, rabu da su. Sauya madabod (babban allon cikin kwamfuta) kuwa sai tsohuwar na'ura mai madabod irin Intel 945, wadda ba ta cin huɗu cif ko da wane Windows.

Sayen wani RAM shi ne inda ake yanka mutane. An taɓa sayar mini da mai takardar 8 Go, ashe 4 ne aka liƙa wa sabon tambari. Kada ka yarda da takarda. A sa shi a na'urarka a gabanka, a buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna kayan cikin kwamfuta, shafinta na SPD zai faɗi girmansa na gaskiya. Wasu na hannun daga sabar (manyan kwamfutocin kamfanoni) aka ciro su, irin ECC registered, kwamfutar gida ko tashi ba za ta yi da su ba. Akwai kuma masu ba ka DDR3 mai 1.5V alhali laftof ɗinka DDR3L mai 1.35V take so, su ce "Alhaji, duk ɗaya ne". In mai shago ya hana a gwada da manhajar gwajin RAM ta MemTest86, ko ya ƙi yarda ka dawo da kaya in ya ba da matsala, wuce shago na gaba.