Littafin tunawa da Baba: yadda masu haɗa shi suka yi mana aiki

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana dillancin gidaje da filaye. Da ya rasu, muka tarar ya bar littattafan ciniki guda 14 waɗanda ya cike da hannunsa, da akwatin rasit da hotuna, da kaset uku, da waya maƙil da saƙonnin murya. Muka yanke shawarar kai su wa wani ƙaramin kamfani da ke tattara takardun iyali, ya yi hira da dangi, sannan ya haɗa littafin tarihin mamaci, kuma abin da muka gani a hannunsu, daɗinsa da ɗacinsa, shi nake son bayyanawa saboda masu irin wannan niyya.

Tun a zaman farko na gane cewa sun san aikinsu, domin matar da ke jagorantar su ba ta fara da hotuna ba, wayar ta fara tambaya. Ta yi mana bayani cewa WhatsApp yakan goge asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba, don haka a ranar aka kwashe saƙonnin muryar Baba zuwa kwamfuta. Daga nan ta hana ƙanina abin da ya ƙudurta da kyakkyawar niyya, wato liƙe rasit a cikin leda da injin zafi. Yawancin ƙananan rasit na zamani ba tawada ce a jikinsu ba, wani sinadari ne da zafi ke mayarwa baƙi, shi ya sa rubutunsu ke dusashewa da daɗewa, kuma da an saka su a injin da duk takardar ta yi baƙi ƙirin. Ta ɗauki guda ɗaya ta nuna mana a gefen taga, lambobin sun koma kamar inuwa, sai an karkata takardar ake iya karanta kwanan watan.

Inda suka fi burge ni shi ne littattafan cinikin. Mu a tunaninmu kayan aiki ne kawai, hotunan bukukuwa da na jikoki muka so su cika littafin, amma suka roƙe mu mu ba su mako guda su karanta, suka dawo da shafukan da suka yi wa alama. A kowane shafi Baba yakan rubuta kwanan wata, da siffar gidan, da abin da mai gida ya nema, da tayin mai saye, da inda aka sallama, da la'adarsa, da shaidu. A gefen shafi kuwa, da ƙananan haruffa, rayuwar gidanmu ce gaba ɗaya: ranar haihuwar ƙanwata tana maƙale da cinikin wani fuloti, kuɗin makarantarmu an cire shi daga la'adar wani gida tun kafin ta shigo hannu. A wani wuri ya rubuta cewa rufin ɗakin baya yana yoyo kuma ya gaya wa mai saye, a ƙasa kuma aka nuna cinikin ya watse. A wani shafin, gaban sunan wata mata da mijinta ya rasu, gurbin la'ada babu lamba, sai kalmomi uku: “an bar mata”. Na yi shekaru ina jin mutane suna cewa Baba mai amana ne, amma sai a waɗannan layukan na ga abin da amanar ta riƙa ci masa a aljihu. Masu aikin suka gina littafin a kan waɗannan shafuka, suka jera hotunan iyali daidai da shekarar kowane ciniki, kuma wannan shawarar ita kaɗai ta isa a ce ba mu yi asarar zuwa wurinsu ba.

Sun kuma kiyaye sirrin mutane ba tare da mun tuna musu ba. Littafin dillali yana ɗauke da wanda ya sayar da gida saboda bashi, da ɗan hayar da ya gaza biya, da magadan da suka yi rigima a kan rabo, don haka a bugun da za a raba wa dangi da abokai suka rufe sunaye da adireshi, cikakken kwafin ya tsaya a hannun iyali.

Ta fuskar fasaha ba ni da ƙorafi. Sun ɗauki hoton kowane shafi da ɗigo 600 a kowane inci, suka ajiye na asali a tsarin TIFF, wanda ke riƙe ingancin hoto, suka ba mu na JPEG don turawa a waya, domin JPEG yana rage inganci duk lokacin da aka gyara hoto aka sake ajiye shi. Kaset ɗin, wanda fasaha ce da kamfanin Philips ya fito da ita a 1963, zarensa yakan manne ko ya tsinke idan ya daɗe a ajiye; ɗaya daga cikin namu ya tsinke, suka haɗa shi da hannu, muka ji muryar Baba yana matashi yana karanta wa yayarmu wasiƙa.

Amma rubutun farko da suka kawo bai yi ba. Marubucinsu ya cika shi da yabo irin wanda za a iya ɗora wa kowane mamaci, gwarzo ne, jajirtacce ne, abin koyi ne, ya kuma share duk abin da abokan sana'arsa suka faɗa game da zafin ransa idan mai saye ya yi magana biyu bayan an sallama. Mahaifiyarmu ta saurari shafi biyu, ta dubi shugabar ta ce, “'Yata, wannan ba mijina ba ne, ku mayar da shi yadda yake.” Sun karɓi gyaran da ladabi, kuma rubutu na biyu ya fito da mutum mai faɗa da dariya da riƙon alkawari, sai dai abin da ya kamata su gane ne tun daga hirarrakin da suka naɗa da kansu.

Matsala ta biyu ta fi ba ni haushi. Nau'in haruffan da suka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai mai tsara shafi ya mayar da su k da d da b ba tare da ya tambaye mu ba, kuma a tarihin mutumin da ƙasa ce sana'arsa, “ƙasa” ta koma “kasa” a wurare da dama. Da ba mu dage a ba mu gwajin bugu mun karanta layi bi layi ba, haka zai fita. Ga kuma jinkiri: sun yi alkawarin mako shida, aikin ya haura wata huɗu, kuma sau da yawa sai mun kira kafin mu ji inda aka kwana.

Littafin da ya iso hannunmu dai ya yi kyau. Takardarsa marar asid ce, mai bin ƙa'idar ingancin takarda ta ƙasa da ƙasa, ISO 9706 ta 1994, wadda ba ta saurin yin rawaya ko karyewa, kuma ɗinka shi aka yi da zare maimakon gam, don haka yana buɗewa shimfiɗe har a karanta rubutun gefen shafi. Sun haɗa mana da kwafin kwamfuta na PDF/A, tsarin ajiya da aka tsayar a 2005 wanda ke riƙe haruffansa a cikinsa, suka ba mu shawarar mu ajiye kwafi uku a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gida daban.

Zan iya tura duk iyalin da mamacinsu ya bar takardu wurin irin waɗannan masu aiki, da sharaɗin a rubuta ranar kammalawa a yarjejeniya, a gwada haruffan kafin a fara tsara shafi, kuma wanda ya fi kowa sanin mamacin ya ji rubutun da kunnensa kafin a buga. Mu yanzu mun nemi su ƙara mana kwafi na jikoki, tare da shafuka biyu daga littafin ciniki na ƙarshe waɗanda mahaifiyarmu ta ce lallai a saka.