Rediyon ƙaramin jirgi na yankewa: a gyara, a sake, ko a riƙe na hannu?

Kafin ka zaro kuɗi, sa injiniya ya duba eriya da wayarta. Sau da yawa rediyon lafiyarsa ƙalau, tsatsa ce ta ci gindin eriya inda take haɗe da jikin jirgi, ko tsohuwar waya RG-58 ta bushe, ko mahaɗin BNC ya saki. A auna VSWR, wato ma'aunin yawan siginar da ke dawowa baya daga eriya maimakon ta fita. In ya haura 2:1 akwai matsala a layin eriya. A sa waya RG-400 a madadin tsohuwar RG-58 ɗin. Ƙugin da ke ƙaruwa idan ka ƙara wa inji wuta kuwa, daga altaneta ko wayoyin fulogi yake, sabon rediyo ba zai kashe shi ba.

In ta tabbata rediyon ne, Trig TY96 ya fi cancanta. Wat 10 yake fitarwa, yana aiki da tazarar tsakanin tashoshi ta kilohaz 25 da kuma ta 8.33, wadda Turai ta wajabta. Siriri ne, ba ya cin wuri a allon matuƙi, kuma intakom na mutum biyu (na maganar matuƙi da na kusa da shi) na cikinsa, an rage wayoyi ke nan, an rage inda za a samu matsala. Kana iya sauraron 121.5, tashar gaggawa, alhali kana kan tashar hasumiyar filin jirgi. Abin da ya fi daɗi shi ne maɓallin da ke maimaita saƙon ƙarshe: in hasumiya ta ba da umarni da sauri, dannawa kawai za ka yi. Garmin GTR 225 ba shi da laifi, kuɗin suna ne ya yi yawa. Gyaran tsohon King KX 170B kuwa zuba ruwa ne a kwando.

Na hannu, irin Icom IC-A25 ko Yaesu FTA-550, na ko-ta-kwana ne kurum. Wat 6 da ake rubuta wa Icom ɗin ƙololuwa ce, ainihin ƙarfinsa 1.8 ne, kuma da gajeriyar eriyar roba cikin jirgin ƙarfe za ka ji hasumiya ita ba ta ji ka ba. A haɗa masa eriyar waje da mahaɗin abin kunne.

Wajen sayen rediyo 'yan damfara suka fi yawa. Oba-oba mai arha irin Baofeng UV-5R da FM take aiki, jirage kuwa AM ne tsakanin megahaz 118 da 137. Wasu ire-irenta suna kama maganar jirage, mai talla ya kunna maka ka ji, amma ba a amsawa da su. Jabun kayan Icom ma na yawo a intanet, har batir da caja, kamfanin da kansa ya yi gargaɗi. Sayi wurin dila mai izini. Rediyon da aka taɓa amfani da shi kuwa, lambar jikinsa ta dace da ta takardar shaidar ingancinsa, wato Form 1 ta EASA (hukumar jiragen sama ta Turai) ko 8130-3 ta FAA (ta Amurka). Wanda ya ce "cire shi aka yi yana aiki" ba takarda, bar masa kayansa.

Rediyo ya mutu gaba ɗaya kana sama? Sa 7600, lambar da ke nuna rediyo ya mutu, a transfonda (na'urar da ke nuna jirginka a rada), ka sa ido kan fitilar hasumiya: kore tsayayye izinin sauka ne.