Kwana uku na koyon tawali'u a Sakkwato: abin da shirin ya iya da inda ya yi rauni

A gefen garin Sakkwato akwai wani gidan addu'a da ke karɓar masu keɓewa daga yammacin Alhamis zuwa la'asar ɗin Asabar, kuma darasinsa ɗaya ne tak: tawali'u. An tsara ranakun haka ne don fastoci da katikis su koma majami'unsu kafin sujadar Lahadi. Masu zuwa sun haɗa da dattawan ikilisiya, shugabannin Zumuntar Mata, 'yan kwaya da matasa, daga ECWA, Katolika, Anglika da Baptis. Wasu daga cikin gari suke, wasu daga Barikin Giginya, wasu kuma tun daga Zuru, Yawuri da Gusau. Da Hausa ake koyarwa, ana yi wa wanda bai ji sosai tafinta da Turanci. Hukuncinmu a taƙaice shi ne shirin ya cancanci kuɗinsa da lokacinsa, musamman ga shugabanni, amma yana da gurgun wuri guda da ya kamata a gyara kafin a ci gaba da tura mata da matasa.

Tun daga ƙofa ake fara darasin. Ana karɓar waya a saka a ambulan mai suna, sai a ba mutum katin wuya da sunansa na yanka kawai. Rabaran, Dakta, Injiniya, Honarabul, duk a bakin ƙofa ake ajiye su. Masu shirin sun yi hankali a nan, domin a ƙasar nan yaro ba ya kiran sunan sa'an mahaifinsa gatsal, kuma tilasta masa yin hakan rashin tarbiyya ne, ba tawali'u ba. Don haka an bar Baba da Mama da Yaya, muƙami kaɗai aka cire. Wurin zama kuma da ƙuri'a ake samunsa: kowa ya sa hannu a ƙwarya ya ɗauko lambar teburi, mutum takwas a kowane teburi, kuma da su zai ci abinci, ya yi aiki, ya yi addu'a har a tashi. Tushen wannan shi ne Luka 14:7-11, inda Yesu ya lura da yadda baƙi ke rububin kujerun gaba a wurin cin abinci. Mai lura zai ga amfaninsa a daren farko, lokacin da shugaban majalisar dattawa ya tsinci kansa tsakanin mai gadin coci da yarinya 'yar kwaya, babu wanda ya miƙo masa ruwan wanke hannu.

Ƙarfin shirin yana wurin aikin hannu. Gidan ba ya ɗaukar masu aiki a waɗannan kwanaki in ban da masu dafa abinci. Shara, wanke-wanke, ɗebo ruwa da wankin ban-ɗaki duk teburi-teburi ake raba su, ana juyawa safe da yamma, minti 45 kowane zagaye. Abin da ke lalata wannan sashe sananne ne. Da dattijo ya sunkuya ya ɗauki tsintsiya, sai wani saurayi ya rugo: "Haba Baba, kawo mana, muna tsaye za ka yi shara?" In aka bari ya karɓa, darasin ya mutu ta fuska biyu. Dattijon ya tsira daga abin da ya zo koyo, saurayin kuma ya yi abin da yake yi kullum a gida, bai ƙaru da komai ba. Masu kula da tebura na gidan sun san wannan, suna hanawa cikin ladabi, sannan su ba saurayin nasa gwajin: ya zauna, Baba ya zuba masa abinci, ya ci ba tare da ya yi tsalle ya miƙe ba. Ga mafi yawan matasa da mata wannan ya fi wankin ban-ɗaki wuya. Matsalar Bitrus ke nan a Yahaya 13:8, da ya ce Ubangiji ba zai taɓa wanke masa ƙafa ba, aka amsa masa cewa in ba a wanke shi ba, ba shi da rabo. Akwai girmankai a cikin ƙin a yi maka hidima, kuma wannan gida na cikin wurare kaɗan da ke koyar da hakan a aikace.

Koyarwar baki zama huɗu ce, kowane awa ɗaya da rabi. Na farko ya tsaya kan dalilin da ya sa batun ya shafi faranta wa Allah rai: Yaƙub 4:6 da 1 Bitrus 5:5 duk sun ɗauko magana ɗaya daga Karin Magana 3:34, cewa Allah yana gāba da masu girmankai amma yana ba masu tawali'u alheri, sai Mika 6:8 da ya jera yin adalci, son jinƙai da tafiya da Allah cikin tawali'u. Ana kuma kawo amsar Agustin, bishop ɗin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, a wasiƙarsa ga wani ɗalibi mai suna Diyoskorus, inda ya ce hanyar ita ce ta farko tawali'u, ta biyu tawali'u, ta uku tawali'u. Zaman na da kyau, amma wanda ya saba zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki ba zai ji sabon abu ba.

Zama na biyu shi ne gwanin. Misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji ne, Luka 18:9-14, kuma malamin ba ya barin jama'a su huce a kan Bafarisiyen. Yana nuna cewa mutumin bai yi ƙarya ba: yana azumi sau biyu a mako, yana fitar da zakka daga duk abin da ya samu. Kowane fasto zai so irinsa goma a ikilisiyarsa. Laifinsa shi ne ya auna kansa da na kusa da shi, ya mai da addu'a rahoton aiki. Daga nan sai a raba takarda, kowa ya rubuta mutum ɗaya da yake gode wa Allah a ɓoye don bai zama kamarsa ba. Ba a karantawa, ba a karɓa. Sai malamin ya kawo karin maganar da kowa ya sani, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba, ya tambaya ko wannan shi ne tawali'un Kirista. Yawanci ana amsa e. Sai ya nuna cewa mai wannan magana ya riga ya yanke hukunci cewa ɗayan wada ne, shi kuma dogo, durƙuson dabara ce kawai har ya samu abin da yake nema ya miƙe. Filibiyawa 2:3 kuwa cewa ta yi kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ya fi shi. A garin da kowa ya iya cire takalmi, ya russuna, ya sunkuyar da kai gaban manya tun yana yaro, alamun waje ba su da tsada, kuma Bulus da kansa ya yi gargaɗi kan tawali'un ganin ido a Kolosiyawa 2:18 da 23. Wannan zama kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Ranar Jumma'a da dare ake wankin ƙafa. Katolika sun saba da shi a Alhamis Mai Tsarki, wato Alhamis ɗin kafin Ista, inda fada, limamin cocinsu, ke wanke ƙafar zaɓaɓɓun mutane, kuma tun 2016 Fafaroma Francis ya sa aka gyara ƙa'idar don a iya haɗawa da mata. A nan kowa yana wankewa, kowa ana wanke masa. Maza da maza, mata da mata a ɗaki dabam, abin da ya dace da kunyar wurin. Kowane teburi na samun buta biyu, daro biyu, sabulu, da jarkar ruwa mai lita 25, wadda ke isar mutum takwas in ana zubawa da buta a saman ƙafa, ba tsoma ƙafa a ruwa ɗaya ba. Tsomawar ita ce kuskuren da ke yaɗa ƙaiƙayin tsakanin yatsu. Tawul ma haka: gidan na ba da biyu ga teburi, bai isa ba, kowa ya zo da nasa ƙarami. A lokacin hunturu ƙafafu da yawa sun yi faso, don haka ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, a shafa man kaɗanya bayan an goge. Mai ciwon suga ya faɗa tun da wuri, domin ƙafarsa ba ta jin zafin ruwa yadda ya kamata, ƙaramin rauni kuma na daɗewa bai warke ba. Mai zubawa ya gwada ruwan a bayan hannunsa tukuna. Ana yin komai shiru bayan an karanta Yahaya 13:1-17. Da zarar an sa kwaya ta tayar da waƙa mai kiɗa, hankali na komawa ga kallo.

Safiyar Asabar ta neman gafara ce, bisa Matiyu 5:23-24, a bar baiko a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa. An kyauta da ba a sa mutane tonon asirin kansu a bainar jama'a, domin Sakkwato ƙaramin gari ne ga Kirista, magana ba ta kwana. Kowa na rubuta abin da zai je ya faɗa wa wanda ya ɓata wa, da sharuɗɗa uku: a ambaci laifin da sunansa, kada kalmar "amma" ta shiga, a faɗi abin da za a mayar, kuɗi ne ko suna. Irin "in na yi maka laifi ka yafe ni" da aka saba ji a ƙarshen taron kwamiti ba ta wucewa, mai kula da teburi zai mayar da takardar.

Yanzu ga raunin. Zama na uku an gina shi kan matakai 12 na tawali'u da ke babi na 7 na ƙa'idar da Benedik ya rubuta wa sufaye a Italiya a ƙarni na 6. Ana raba su a takarda ɗaya ba tare da bayanin wa aka rubuta wa ba. Mutanen Benedik sun zaɓi wannan rayuwa da kansu, kuma shugabansu na ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya da su. Mataki na 4, jure wahala da rashin adalci cikin shiru, da na 7, ɗaukar kai ƙasa da kowa, da na 9, kame baki, in aka miƙa su haka nan ga matar da mijinta ke duka, ko 'yar aikin gida, ko malamin makarantar coci da aka riƙe wa albashi, abin da za su ji shi ne Allah na so su ci gaba da shiru. Akwai ɗan bayani a zama na huɗu cewa tawali'u ba yarda da wulaƙanci ba ne, amma minti 20 kacal aka ba shi, ana gab da tashi, jakunkuna na bakin ƙofa. Ya kamata ya zama cikakken zama. Nassosin suna nan: a Yahaya 18:23 Yesu ya tambayi wanda ya mare shi dalilin marin; a Ayyukan Manzanni 16:37 Bulus ya ƙi fita kurkukun Filibi a ɓoye, ya ce mahukuntan da suka sa aka doke su ba shari'a su zo da kansu; Musa da Littafin Ƙidaya 12:3 ya ce ya fi kowa tawali'u shi ne ya tsaya gaban Fir'auna. Ga jama'ar da ke zaune a matsayin marasa rinjaye, wadda ta saba haɗiye magana don a zauna lafiya, bambance tawali'u da tsoro ba ƙaramin batu ba ne. Fasto mai niyyar tura Zumuntar Mata ya nemi a faɗaɗa wannan sashe tun wurin yin rajista.

Abu na biyu ƙarami ne amma yana ƙaiƙayi: akwai ɗakuna biyu masu na'urar sanyaya ɗaki da ake keɓe wa "manyan baƙi", sauran jama'a na ɗakin mutum shida da fanka. In don tsofaffi da marasa lafiya ne, a faɗi haka a raba su bisa shekaru. Haka kuma hotunan wankin ƙafa da wani daga cikin masu shirin ke ɗauka suna ƙarewa a Facebook, abin da ya saɓa wa Matiyu 6:1 kai tsaye. Mutum na da ikon cewa kada a ɗauke shi, kuma ana mutunta hakan in ya faɗa.

Abinci ba laifi: kunu da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, tuwon dawa da miyar kuka da dare, babu kwano na musamman ga kowa. Ruwa na rijiyar burtsatse ne, ana kunna janareta daga magariba zuwa 10 na dare. Lokacin zuwa shi ne abin dubawa. Ikilisiyoyi sun fi son kwanakin azumi kafin Ista, amma Ista na faɗawa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, daidai lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Shara da ɗebo ruwa da azumi a wannan yanayi na kayar da dattawa, zaman rana kuma gyangyaɗi ne kawai. Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ya fi, sai dai a zo da bargo da abin rufe hanci saboda ƙura. A haɗa da Littafi Mai Tsarki na takarda tun da waya na ambulan, tocila, gidan sauro, silifas na aiki, da magungunan da mutum ke sha. A kuma ajiye lambar mai kabu-kabu ko keke da zai dawo ɗauka ranar Asabar, domin abin hawa ba ya yawan bi ta wurin bayan la'asar.