Kotu ɗaya, ƙasashe 18: yadda ake shari'ar haƙƙin ƙirƙira a Turai

'Yan uwa masu harkar ƙere-ƙere da fataucin kaya, ga yadda rigimar takardar haƙƙin ƙirƙira, wato takardar da ke hana wasu kwaikwayon abin da ka ƙirƙira, take a nan Turai yanzu. A da, wanda aka kwaikwayi injinsa a Jamus da Faransa da Italiya sai ya ɗauki lauya a kowace ƙasa, ya shigar da ƙara uku. Wani lokaci alƙalin Jamus ya ce an keta haƙƙi, na wata ƙasar ya ce takardar ma ba ta da inganci.

Ranar 1 ga Yuni 2023 aka buɗe kotun haɗaka da ake kira UPC. Ƙasashe 18 ne a ciki tun shigar Romaniya a Satumbar 2024. Sifaniya da Poland ba sa ciki, Birtaniya kuma ta janye a 2020, shi ya sa reshen da aka shirya wa Landan ya koma Milan. Babban zaure yana Faris, ɗaukaka ƙara kuma a Luksambur.

Ana shigar da ƙara ta intanet, galibi a reshen ƙasar da aka keta haƙƙin ko inda wanda ake ƙara yake. Jamus kaɗai tana da rassa huɗu. Lokacin buɗewa, kuɗin shigar da ƙarar keta haƙƙi Yuro 11,000 ne, da ƙari idan darajar rigimar ta haura Yuro 500,000. Wanda ake ƙara yana da wata uku ya kare kansa, kuma dole ya zube hujjojinsa tun daga farko. Nan ne mutane ke faɗuwa: wanda ya ɓoye hujja yana jiran ranar zama, kotu na iya ƙin karɓarta. Zaman sauraro yawanci yini ɗaya ne, ana kuma nufin a yanke hukunci cikin kusan shekara guda. A kan haɗa alƙalai masana shari'a da alƙali masanin fannin, ko injiniya ko masanin sinadarai.

Sai dai wuƙar baki biyu gare ta. Idan ka yi nasara, an hana abokin hamayya sayarwa a duk ƙasashen kotun da takardarka ta shafa. Idan kuma ya mayar da martani da ƙarar soke takardar ya ci, ta faɗi a dukkansu lokaci guda. Shi ya sa kamfanoni da yawa suka cire tsofaffin takardunsu daga hurumin kotun a wa'adin shekara 7 na farko da aka ba da damar yin hakan. Cirewar kyauta ce, amma da zarar an maka ka a kotun, ƙofar ta rufe.

A gida kuwa, Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde: takarda ɗaya ce ta ƙasashe 17, amma rigimar keta haƙƙi kotun kowace ƙasa ke yi. Najeriya ba ta cikin OAPI ko ARIPO, ɗaya ƙungiyar irin wannan ta Afirka. Rajistar Najeriya ba ta binciken sabuntar abin da aka ƙirƙira kafin ta ba da takarda, sai rigima ta kai Babbar Kotun Tarayya ake gwada ƙarfinta, kuma hukuncin ba ya tsallaka iyakar Jibiya.