Bitar manhajoji huɗu na sarrafa ƙa'idojin kasuwanci

Duk babban kamfanin da ke ba da lamuni, ko yake sayar da inshora, ko yake lissafa ragi ga masu saye, yana yanke dubban hukunce-hukunce a kullum ba tare da wani ma'aikaci ya duba kowannensu da idonsa ba. Ƙa'idojin da ake bi wajen yanke su, kamar a ce kada a ba wanda bai kai shekara 18 ba bashi, ko a ce duk neman diyyar da ya wuce wani adadi a tura shi ga jami'i ya bincika, galibi a binne suke cikin manhajar kamfanin, inda babu mai iya taɓa su sai injiniya. An ƙirƙiri manhajojin sarrafa ƙa'idojin kasuwanci ne domin su fito da waɗannan ƙa'idoji fili, su tara su wuri ɗaya, ta yadda za a karanta su, a gwada su, a kuma gyara su ba tare da an sake gina komai daga tushe ba. Na auna huɗu daga cikin fitattunsu, wato IBM ODM, Drools, Corticon da Blaze Advisor, da tambaya guda: idan hukuma ta sauya doka yau, wa zai iya gyara ƙa'idar, cikin kwana nawa, kuma wace shaida gyaran zai bari?

Ban ba wa sauri muhimmanci sosai ba, ko da yake masu talla suna yawan alfahari da shi. Da yawa daga injinan nan sun samo asali ne daga tsarin Rete wanda Charles Forgy ya wallafa bayaninsa a 1982, tsarin da ke tuna sharuɗɗan da aka riga aka duba domin kada a maimaita aiki, kuma a hukuncin yau da kullum dukkansu huɗu suna amsawa kafin ƙiftawar ido.

IBM ODM ya fito ne daga manhajar JRules ta kamfanin ILOG na Faransa, wanda IBM ta kammala saye a 2009. Ƙarfinsa yana cikin sashen da ake kira Decision Center, inda jami'in lamuni ko na inshora zai buɗe ƙa'ida ya same ta a rubuce cikin jumla mai kama da maganar mutane, mai cewa idan kaza ya faru a yi kaza. Yana iya gyara ta, ya gwada ta a kan misalan da aka shirya a jadawalin Excel, ya ga yadda sabon gyaran zai shafi tsofaffin buƙatu da a ce an yi amfani da shi a kansu, sannan ya miƙa ta ga wanda zai amince kafin ta fara aiki. Kowane mataki yana barin suna da lokaci, kuma wannan ne abin da mai binciken asusu ke nema idan ya zo tambayar dalilin hana wani bashi wata shida da suka wuce. Sai dai sauƙin nan yana da farashi. Kafin jami'in ya iya rubuta jumla ɗaya, dole injiniyoyi su gina masa ƙamus na kalmomin kasuwancin su ɗaura shi a kan bayanan kamfanin, kuma idan aka yi wannan aiki da garaje, ƙa'idojin za su fito da sarƙaƙiyar da ta fi ta da. Lasisinsa kuma na manyan kamfanoni ne. Wanda ƙa'idojinsa ba su wuce ɗari ba zai biya kuɗin abin da ba zai taɓa amfani da rabinsa ba.

Drools buɗaɗɗiyar manhaja ce a ƙarƙashin lasisin Apache, kowa na iya ɗauka kyauta. Ta daɗe a hannun Red Hat, kamfanin da IBM ta saya a 2019, kuma yanzu aikin ya koma inuwar gidauniyar Apache da sunan KIE. Injinta ƙaƙƙarfa ne, ina kuma ganin babu wanda ya fi ta dacewa da ƙungiyar da ke da ƙwararrun masu rubuta manhaja da harshen Java. Amma harshenta na asali, DRL, harshen injiniya ne, kuma akwai tarkon da sabon shiga ke yawan faɗawa: ƙa'ida ta sauya wani bayani, sauyin ya tada ƙa'ida ta biyu, ta biyun ta sake tada ta farko, a yi ta zagaye ba ƙarshe. Tana karɓar ƙa'idoji a jadawali, wanda ke ba ma'aikacin da ba injiniya ba damar sa hannu, to amma tsarin amincewa, rabon izini da bin diddigi, yawancinsu kamfanin ne zai haɗa da kansa. Kuɗin da aka tsira da shi a lasisi yakan koma albashin masu kula da ita, kuma ya kamata a faɗi wannan tun ranar da ake tsara kasafi.

Corticon, wanda kamfanin Progress ya saya a 2011, shi ya fi burge ni a abu ɗaya da nake ganin ba a yaba masa yadda ya kamata. Ana rubuta ƙa'idojinsa a jadawali mai sharuɗɗa a sama da ayyuka a ƙasa, kuma tun kafin a fara aiki da su yana nuna inda ƙa'idoji biyu suka ci karo da juna, da inda aka bar giɓi. Misali, idan wani ya rubuta ƙa'ida ga masu shekaru ƙasa da 65, wani kuma ya rubuta ga masu sama da 65, manhajar za ta nuna cewa an manta da mai shekara 65 cif. Irin wannan kuskure yana iya kwana shekaru a cikin tsari yana cutar da mutane ba a sani ba. Rauninsa shi ne masu iya aiki da shi ba su kai yawan na IBM ko Drools ba, don haka neman ƙwararre yakan ɗauki lokaci.

Blaze Advisor na FICO ne, kamfanin Amurka da aka sani da auna cancantar masu neman bashi, kuma hakan yana bayyana a jikinsa. Ya fi armashi inda ake haɗa ƙa'idoji da makin haɗari, kamar a bankuna da sashen gano zamba, yana kuma ba da damar a shirya wa ma'aikata fom mai iyaka, su sauya adadi ko kaso ba tare da sun taɓa ginin ƙa'idar ba. Wanda aikinsa bai shafi lamuni ko haɗari ba zai ga ƙaramin dalilin fifita shi.

Akwai wani batu da ya shafi dukkansu, wato wahalar ƙaura. Kamfanin da ya rubuta ƙa'idoji dubu biyar a harshen manhaja ɗaya ya ɗaure kansa da ita, domin komawa wata na nufin sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar OMG, mai tsara mizanan manhaja, ta fitar da mizanin DMN a 2015 domin rage wannan matsala, ta hanyar tsayar da siga ɗaya ta zana hukunci da jadawalinsa, har da bayyana abin da za a yi idan layi fiye da ɗaya ya dace da buƙata guda. Drools na cikin waɗanda suka fi riƙo da shi, kuma a ganina wannan ya rage mata wani ɓangare na rauninta.

Ga banki ko kamfanin inshora da hukuma ke sa wa ido, ODM nake fifitawa, saboda shaidar da yake ajiyewa. Kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya, a ɗauki ƙa'idoji ashirin na gaske daga aikin kamfanin, a sa mai sayarwa ya shigar da su, sannan a zaunar da jami'in da ya san aikin, ba injiniya a kusa da shi, a ce ya ɗaga iyakar bashi daga kashi 40 zuwa kashi 45 na kuɗin shigar mai nema, ya gwada, ya kuma nuna wanda ya amince da gyaran.