Maganin Funfuna a Gida: Hypo, Ruwan Khal ko Sabon Fenti?

Da malka ta kankama a watan Agusta, bangon bayan kabad sai ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, takalman fata su yi furfura, ɗaki ya ɗauki warin danshi. Kafin ka nufi shago, duba inda funfunar ta kama, domin wurin ne zai gaya maka abin da za ka saya.

Idan tayil ne na banɗaki, ko gilashi, ko roba, ko siminti mai sulɓi, Hypo ko Jik sun fi komai araha da saurin aiki. Amma ba zallarsu ake zubawa ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kada a wuce kofi 1 a cikin galan 1 na ruwa, wato kusan mililita 240 a lita 3.8. A fara wanke wurin da omo da buroshi, sannan a shafa, a ba shi kamar minti 10, a ɗauraye, a busar. Aibinsu shi ne suna yaudarar ido. A kan katako ko silin suna kore baƙin da ke sama, saiwar kuwa tana can ciki, bayan 'yan makonni ta sake tsirowa. Ga cin launin tufafi da sa ƙarfe tsatsa.

Farin ruwan khal, mai kashi 5 cikin 100 na tsami, shi zan zaɓa wa gidan da ke da ƙananan yara ko mai asma. Ba a surka shi. A fesa, a bar shi awa guda, a goge. Warinsa yana gushewa da kansa, sai dai ya fi Hypo tsada idan bangon da faɗi, ba kowace irin funfuna yake kashewa ba, kuma yana cin dutsen mabul. Akwai kuma haidurojin feroksaid na kemis, mai kashi 3 cikin 100, wanda ake wanke rauni da shi. Yana aiki, amma kwalbar ƙarama ce, ta gefen firij da tsakanin tayil kawai, kuma shi ma yana koɗar da kaya.

Inda ake samun matsala shi ne wajen haɗe-haɗe. Wasu na ganin in an gauraya biyu ƙarfin zai ninku, har ka ji ana cewa a ɗiga Harpic a cikin Hypo banɗaki zai yi ƙal. Kada a kuskura. Bilic, wato su Hypo da Jik, in ya haɗu da abu mai tsami, ko ruwan khal ne ko maganin wanke masai irin Harpic, iskar kulorin yake fitarwa, mai ƙona ido da huhu, kuma banɗakunanmu galibi tagarsu ƙarama ce. In ya haɗu da amoniya ma, wata iska mai guba yake fitarwa. Saboda haka a lissafin kuɗinka ka sa safar hannu ta roba da takunkumi N95, ka buɗe tagogi, ka fitar da yara. Kada a kankare funfuna a bushe, ƙurarta ce ake shaƙa.

Fenti mai maganin funfuna fa? Yana da amfani, amma a ƙarshe, bayan an wanke bango ya bushe sarai. Wanda ya shafa shi a kan jiƙaƙƙen bango ya yi asarar bokiti guda, don ɓawo zai yi ya zube.

Akwai kayan da ba su cancanci a kashe musu ko sisi ba. Katifar soso, kafet da silin na kwali, in funfuna ta shige su, sai dai a sauya. Tufafi da takalma kuwa wanki da rana mai zafi sun wadatar. Idan kuma wurin ya wuce ƙafa 3 tsawo da ƙafa 3 faɗi, gara a nemi ƙwararre, don hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ce wanda bai kai haka ba ne galibi mutum zai iya gyarawa da kansa.

Ni dai da za a ba ni zaɓi tsakanin katan ɗin Hypo da kuɗin kafinta, kafinta zan kira. Kwanon da ke yoyo, indararon da ke zuba a jikin bango, famfon da ke tsatsafo a cikin gini, su ke ciyar da funfuna, kuma abin da ya jiƙe bai bushe ba cikin awa 24 zuwa 48 ya zama gonarta. A gyara su, a janye kabad daga bango kamar taƙi guda, a daina shanya a cikin ɗaki.